Daga "Ayaba" Zuwa "Dala": Wa Ke Raɗa Wa Lungunan Gem Suna?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, da waɗanda ke gida suna leƙo mu: Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun ɗalibi, ga kuɗin makaranta ga tsadar abinci, sai maganar gem? Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali. Saura ƙiris kalma ɗaya ta raba ni da wani abokina, kuma neman asalin irin wannan kalma ne ya kai ni ga tarihin da zan ba ku.

Mu biyar ne a tim ɗinmu na Call of Duty Mobile. Ni daga Kano, sai ɗan Gusau, ɗan Azare, Bakatsine, da wani Bazazzagi da ya girme mu da aji biyu. A masallacin makaranta muka san juna, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya zaunar da mu gida wata 8, shi ya mai da mu tim na gaske. Kowa yana garinsu, ba lakca ba aikin yi, sai mu haɗu a waya bayan isha'i mu yi ta harbe-harbe har caji ya ƙare.

A waɗannan watannin ne muka raɗa wa kowane lungu suna. Akwai wata taswira da ake kira Crash, wadda aka ɗauko daga Call of Duty 4 na 2007. A tsakiyarta akwai jirgi mai saukar ungulu da ya faɗo, sai muka ce masa Jirgi. Filin da ke kewaye da shi, inda ake cakuɗewa kowa na harbin kowa, muka ce masa Kwari, saboda cunkoson Kantin Kwari. Wata siririyar hanya da ake bi ta baya a zagaye mutum, ɗan Azare ya sa mata Lungun Ɓarayi. Sai wani bene mai hawa uku da idan ka hau rufinsa kana hango kusan ko'ina. Wannan ni na raɗa masa, na ce Dala, don duk Bakano ya san abin da ake gani daga kan dutsen Dala.

Da Bazazzagi ya gama ya tafi bautar ƙasa, sai muka ɗauko wani ɗan ajinmu Bayarabe, mutumin Abeokuta. Gaskiya ya fi mu duka iya harbi. Muna yi masa Turanci idan mun tuna, amma da zarar wasa ya yi zafi sai baki ya koma gida.

Rannan ɗalibai suka shirya gasa a hostal, kowane tim ya zuba kuɗi. Abin da muka zuba, ni dai nawa kuɗin cefanen sati ne. Wasan shi ne wanda ɓangare ɗaya ke dasa bam ɗaya kuma ke kwancewa, kuma wanda aka kashe ba ya dawowa sai zagaye na gaba. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe, zagayen da zai raba gardama. Aka kashe mu huɗu, ya rage shi kaɗai da mutum ɗaya na can. Ni daga saman benen nan aka harbe ni, don haka na san inda mutumin yake. Na ɗaga murya: "Yana Dala! Yana Dala!" Sauran ma suka ɗauka. Shi kuwa bawan Allah, dalar Amurka kunnensa ya ji. Ya juya hagu, ya juya dama, harsashi ya sauko masa daga sama.

Bai yi faɗa ba. Ya cire iyafis ya naɗe, ya dube ni ya ce wata uku ke nan yana wasa da mu kamar ɗan aike a gidan da ake magana ta saman kansa. Ya ce sau nawa ake cewa a gabansa 'yan Arewa ba sa shiga mutane, yana kare mu. Ya tashi ya tafi. Wallahi kuɗin bai dame ni kamar maganar nan ba.

Daren nan muka yi ta musu. Bakatsine ya ce mu watsar da sunayenmu mu koma na Turanci "na asali". Ɗan Gusau ya rantse ba zai bar Dala ba, wanda ya zo ya tarar ai shi ke koyo. Ni kuma sai tambaya ta tsaya mini: su waɗannan sunaye "na asali", wa ya raɗa su? Kamfani ne? Abin da na shafe hutun semesta ina bi ke nan.

'Yan gem suna ce wa abin "kolawut", wato gajeren sunan wuri da kake jefa wa abokin wasanka don ya san inda abokin gaba yake ba tare da dogon kwatance ba. A farkon wasannin harbi ba a buƙace shi sosai ba. Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a ƙarshen 1993, mutum huɗu ne iyaka ke haɗuwa, kuma abin da ya yi suna a cikinsa shi ne kowa ya kashe kowa. Wanda kake son kashewa ai ba ka gaya masa inda kake. Da Quake ya zo a 1996 aka fara kafa ƙungiyoyi a intanet, sai buƙata ta taso. A lokacin yawanci da rubutu ake magana, hannu ɗaya na kan linzamin kwamfuta, ga wuta ana yi. Sai suka riƙa kiran wuri da abin da ake tsinta a cikinsa. Ɗakin da jan sulke ke fitowa sunansa jan sulke, shi ma a taƙaice da harafi biyu. Tun daga nan doka ta farko ta kafu: sunan da ya yi tsawo, kafin ka gama faɗarsa an kashe mai sauraro.

Inda abin ya zama sana'a shi ne Counter-Strike. Kuma ku ji wannan, 'yan uwa: ɗalibi ne ya ƙirƙiro shi. Minh Le, haifaffen Biyetnam da ya tashi a Kanada, yana karatu a jami'ar Simon Fraser lokacin da shi da Jess Cliffe suka kwaskware wasan Half-Life suka fitar da gwajin farko a watan Yunin 1999. Kamfanin Valve ya saye shi a 2000. Abin da ya bambanta shi shi ne rai ɗaya gare ka a kowane zagaye, kuma akwai wuraren dasa bam guda biyu, A da B. Masu tsaro dole su rabu, wasu nan wasu can, ba mai ganin abin da ɗan uwansa ke gani. Idan aka kashe ka, abin da ya rage maka mai amfani shi ne labarin inda aka harbo ka. A shekarun nan ne kuma manhajojin magana da murya irin su TeamSpeak da Ventrilo suka bazu, baki ya karɓi aikin da yatsu ke yi.

Taswirar da ta fi kowacce suna ita ce Dust2, wadda wani matashin Ingila, Dave Johnston, ya zana, ta fito a watan Maris na 2001, shi ko shekara 20 bai kai ba. Ya gina bango da ƙofofi da akwatuna, ya sa alamar A da B. Sauran sunayen duk masu wasa ne suka raɗa, kuma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga yadda kan ɗan Adam ke aiki. Doguwar hanyar zuwa A, Long, wato dogo. Gangaren da ke ƙarshenta, Pit, wato rami. Wani akwati a tsakiya mai gicciyen katako a jikinsa kamar harafin X, suka ce masa Xbox. Wata hanya da ke gangarowa tsakiya, inda maharbi mai bindigar hangen nesa ke jiranka ta tsakanin ƙofa, suka ce mata Suicide, wato kashe kai, sunan da kansa gargaɗi ne. A wata kusurwa ta A kuma an rubuta Goose a jikin bango, don tunawa da Minh Le wanda laƙabinsa Gooseman ne. Yau sama da shekara 20 yara a Rasha da Burazil da Turkiyya suna ihun "Goose", da yawansu ba su san sunan wanda ya ƙirƙiro wasan suke kira ba.

Sauran taswirorin ma haka. A Inferno akwai wata lanƙwasasshiyar hanya da ke zuwa B, wani ya dube ta ya ce ai wannan ayaba ce. Banana ke nan har gobe, kuma manyan masu sharhi a gasar duniya, da kwat ɗinsu da komai, haka suke cewa an tare ayaba. A Nuke akwai wani wuri a sama da ake ce wa Heaven, wato aljanna, na ƙarƙashinsa kuwa Hell, wuta. Akwai wata ƙofa mai ƙara idan an buɗe ta, sunanta Squeaky, mai ƙiiii. A Mirage an jibge wasu akwatuna kan juna, suka tuna wa mutane tsohon wasan jera tubali, aka ce musu Tetris. Da na zo nan sai na yi dariya ni kaɗai. Ashe sunayen da Bakatsine ke ce wa "na asali", wasu samari ne irinmu suka raɗa su cikin raha, a ɗakunansu, da abin da idonsu ya saba gani. Su ayaba da Xbox suka sani, mu Dala da Kwari muka sani.

Akwai kuma sunayen da abin da ya faru a wuri ke haifarwa, kuma su suka fi burge ni. A watan Nuwamban 2014, a gasar DreamHack Winter da aka yi a Suwidin, fnatic ta kara da LDLC ta Faransa a kwata fainal, a taswirar Overpass. An yi wa fnatic nisa, ana 13 da 3. Sai 'yan wasanta suka hau kan juna, suka ɗaga Olof Kajbjer, wanda aka fi sani da olofmeister, zuwa wani wuri da yake hango kusan rabin taswira, su kuwa Faransawa ba su san ta inda ake harbo su ba. Fnatic ta farke ta ci 16 da 13. Rigima ta kaure kan ko wurin halal ne a dokar gasa, aka ce a sake wasan, daga ƙarshe fnatic ta janye, LDLC ta wuce har ta ɗauki kofin. Valve ta toshe wurin, ta kafa wani allo da Jamusanci mai cewa an hana tsallake shinge. Amma sunan ya zauna, Olofboost, ɗagawar Olof. A cikin 'yan LDLC na ranar akwai Nathan Schmitt, mai laƙabin NBK, wanda shi ma akwai wata kusurwa a taswirar Cache da ake kira da sunansa. A 2016 kuma, a gasar Columbus ta Amurka, ɗan Burazil coldzera ya yi tsalle da bindigar hangen nesa a Mirage ya zubar da 'yan Team Liquid, mutum huɗu a zagaye ɗaya, Valve ta zana bindiga mai fukafukai a bangon wurin. Wato taswira ta zama kamar tsohon gari, kowane lungu da labarinsa.

To kamfanonin fa, suna kallo kawai? A'a, daga baya sun biyo sahu. Da Counter-Strike: Global Offensive ya fito a 2012, sunan wurin da kake tsaye yana bayyana a gefen ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo. Da kamfanin Riot ya fitar da Valorant a watan Yunin 2020, tun ranar farko ya rubuta wa kowane lungu suna. Kun san me ya faru? A taswirar Bind, wadda aka gina kamar wani gari a Maroko, akwai ɗakin da kamfani ya rubuta wa B Window, wato tagar B. Masu wasa suka leƙa suka ga kamar ɗakin shan shisha, suka ce Hookah, kuma shi ya bi bakin duniya. Inda aka rubuta A Lamps, su U-Hall suke cewa, saboda ya lanƙwashe kamar harafin U. Kamfani da kuɗinsa da ma'aikatansa ya raɗa suna, talakawan gari suka ƙi. Kamar dai yadda hukuma ke kafa allo ta sa wa titi sunan wani babba, amma ɗan adaidaita bai san shi ba sai ka ce masa kwanar kaza ko gindin bishiya kaza.

Mu nan yawancinmu ba ta kwamfuta muka shigo ba. Gidan gem da muka tashi da shi na ƙwallo ne, a biya kuɗi a buga minti goma. Waya ce ta kawo mana harbi. PUBG ya fito a kwamfuta a 2017, na waya ya bazu duniya a Maris na 2018. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo ya zo a ƙarshen 2017, ya samu karɓuwa saboda ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Call of Duty Mobile ya biyo a ranar 1 ga Oktoban 2019. A irin su PUBG matsalar ta canza salo. Tsibirin Erangel kilomita 8 ne tsawo 8 faɗi, mutum 100 ke dira a kai, ba yadda za a yi a raɗa wa kowace bishiya suna. Sai kamfani ya rubuta sunayen garuruwa a kan taswira, su Pochinki da Georgopol, ya kuma sa ma'aunin alƙibla mai lambobi a saman allo. Shi ya sa za ka ji yaro a Sabon Gari yana ihu "ɗari biyu da arba'in, bayan dutse!" A Free Fire kuma su Peak da Clock Tower da Factory ne a tsibirin Bermuda. Duk da haka, da zarar an dira cikin gari, sai ka ji an koma jan gida, bene mai hawa biyu, bayan mota. Suna na kamfani yana kai ka unguwa ne kawai, daga nan sai na baki.

A watan Fabrairun 2019 wasan Apex Legends ya zo da wata dabara. Ka nuna wuri ka danna maɓalli ɗaya, alama ta fito a allon abokan wasanka, ɗan wasan da kake sarrafawa ya faɗi abin da ka gani da bakinsa. Ba ka buƙatar makirfo, ba ka buƙatar jin yaren kowa. Cikin 'yan makonni Fortnite ya kwaikwaya, yau kusan kowane wasa yana da irinta. Da na karanta wannan sai na ce shi ke nan, ga maganin rigimarmu. Amma da na sake tunani sai na ga ba ta isa ba. Alama tana nuna inda kake kallo yanzu. Ba ta iya cewa "na ji takunsa yana hawa bene", ko "zagaye uku ke nan yana bi ta baya, ku jira shi". Shiri tun kafin a fara, da labarin abin da ya wuce, dole sai da suna.

Kuma wannan ɗabi'a ta girmi gem nesa ba kusa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Ingila sun shafe shekaru a cikin ramuka a Beljiyam da Faransa. Ramukan sun yi rassa kamar lungunan birni, sai suka riƙa sa musu sunayen titunan Landan, irin su Piccadilly, suna kafa ƙananan alluna. Wani tudu da taswirar soja ta nuna tsayinsa mita 60, ya zama Hill 60. Wata mararraba da ake yawan yi wa ruwan bama-bamai suka ce mata Hellfire Corner, kwanar wutar jahannama, ƙanwar Suicide ta Dust2 ke nan. Garin Ypres ya gagari harshensu, suka mai da shi Wipers. Ploegsteert ya koma Plug Street.

Nan ne na ajiye waya na yi shiru, don ai mu ma haka kakanninmu suka yi da ƙasar nan da muke karatu a cikinta. Fatake da 'yan kasuwar goro da na shanu da suka riƙa gangarowa Kurmi, su suka bar mana Ikko da Badun da Anacha. Port Harcourt ta gagari baki, aka ce Fatakwal, har gidajen rediyo suka ɗauka. A gida ma dubi sunayenmu: Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Kwanar Dangora, Mararrabar Jos, Tudun Wada. Abin da ido ya gani ne ko abin da ya taɓa faruwa. A Legas kuma ga Mile 2 ga Mile 12, lissafin nisa ya zama suna, kamar Hill 60. Duk wanda ya je baƙon wuri yana son ya rayu a cikinsa, abu na farko da yake yi shi ne ya sa wa wurin sunan da bakinsa zai iya.

Sai dai a duk tarihin nan akwai abu ɗaya da na lura da shi, kuma shi ne inda muka yi kuskure. Babu sunan da ya rayu don ya yi daɗi a bakin wanda ya raɗa shi. Banana ta rayu ne saboda duk wanda ya ga hanyar zai gane, ko daga wace ƙasa yake. Manyan ƙungiyoyin Turai da suka haɗa 'yan ƙasashe daban-daban, sai sun zauna sun daidaita sunaye kafin su shiga gasa, kowa ya bar wani abu nasa. Kolawut ba na mai faɗa ba ne, na mai ji ne. Ni da na yi ihun Dala, na faɗi gaskiya, na faɗa da wuri, da ƙarfi kuma. Amma kaina na yi wa magana. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da idonsa, mu kuwa mun ɗauko mutum mun sa shi a garinmu wata uku ba wanda ya kama hannunsa ya zagaya da shi. Abin kunyar shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Wa ya manta satinsa na farko a makarantar nan, kana tsaye a layin rajista ana ta Yarabanci ta saman kanka, ana dariya ba ka san ko da kai ake ba?

Da aka dawo hutu na same shi bayan lakca. Na ce, mutumina, mun yi laifi, ka zo mu sha shayi. Ya ɗan ja aji, amma ya zo. Muka je wajen mai shayi a Sabo mu biyar, na juya bayan wata tsohuwar takardar handawut na zana Crash da biro. Muka yi sharaɗi: suna kada ya wuce gaɓa biyu, ya zama abin da za a iya nuna wa mutum ya gane, kuma duk wanda bakinsa ya kasa faɗa yana da ikon ya ce a canza.

Jirgi ya tsallake, don da na gaya masa ma'anarsa ya faɗa sau biyu ya zauna. Kwari ya faɗi, ya ce shi bai taɓa zuwa Kano ba balle kantinta, amma idan kasuwa muke nufi, a yarensu Oja ne. Muka gwada, ya fi Kwari saurin fita, muka ɗauka. Lungun Ɓarayi ya yi tsawo tun asali, mu ma mun sani. Ya ce su irin wannan lungu Koro suke ce masa. Ɗan Azare ya yi ta ƙunƙuni, amma ya haƙura.

Sai aka zo kan Dala. Ɗan Gusau ya gyara zama, ya shirya rigima. Na buɗe waya na nuna wa abokinmu hoton dutsen, da gidajen Kano shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya ya ce ai wannan Olumo ne, dutsen garinsu, da mun faɗa masa haka tun farko da bai mutu ba. Na ce to mu sa Olumo. Ya ƙirga da yatsa ya ce gaɓa uku ne, ya karya sharaɗi. Ya ce a bar Dala. Wai duk duniya ba wanda ya san wurin nan kamarsa, tunda a nan aka kashe shi da kuɗin cefanensa a ciki.

Gasar da ta biyo baya ba mu ci ba, kada in yi muku ƙarya. A zagaye na biyu wasu yaran injiniyarin suka yi waje da mu, sun fi mu hannu ne kawai. Amma ba wanda ya mutu yana juye-juye. Kuma yanzu idan kuka wuce ta bayan hostal da dare kuka ji wani da harshen Yarabawa yana ihun "Dala! Dala! Two for Dala!", to shi ne. Ɗan Gusau kuwa, da ya rantse ba zai canza komai ba, ya fi kowa cewa Koro. Rannan ma a hanyar masallaci na ji yana gaya wa wani sabon ɗalibi ya bi ta koron bayan laburare ya fi kusa.

Shawarata ga masu tim, musamman waɗanda suka haɗa da wanda ba ya jin Hausa: kada ku jira sai an ci kuɗinku. Ku zauna da takarda da biro, awa ɗaya ta isa. Ba sai kun zubar da Hausarku ba, su ma Turawan ba su zubar da ayabarsu ba. Ku dai tabbata wanda ke gefenku ya san me kuke nufi, ku kuma bar masa wuri ya sa nasa. Wannan har a rukunin karatu da ɗakin kwana yana aiki, amma wannan hira ce ta wata rana.

Ina son in ji naku. 'Yan Free Fire da 'yan PUBG na Fatakwal da Inugu da Benin, wane suna kuka raɗa wa wane wuri, kuma me ya jawo? Na ji an ce akwai masu ce wa Pochinki Sabon Gari, ina son in san ko su waye.

Jarrabawa ta matso, a rage gem a ƙara karatu, ni ma da kaina nake. Allah Ya ba mu sa'a, Ya mai da mu gida lafiya da sakamako mai kyau. Amin.